Yadda Ake Tsima Gahawa da Yisti Don Ɗanɗanonta Ya Fito

Tun da na fara soya gahawar Mambila ina sayarwa a nan cikin birnin Katsina, tambayar da ta fi yawa ita ce: "Malam, me ka saka a ciki?" Wani ya ce ƙamshin zuma ya ji, wani ya ce kamar lemo, wani dattijo ma ya dage sai da na jefa kanumfari. Ban saka komai ba. Abin da suke ji tun a gona aka gina shi, a cikin kwana ɗaya zuwa biyun da ƙwayar ta yi a bokiti kafin a wanke ta. Masu tambayar sun yi yawa, musamman matasan da ke da 'yan'uwa a Gembu, babban garin Mambila, ko suke son shiga wannan fatauci, shi ya sa na zauna na rubuta aikin daki-daki.

Sai dai a sani tun yanzu, gahawa ba ta yi a ƙasar Katsina. Irin Arabika mai ƙamshi a kan tsaunin Mambila take fita, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda tudun ya kai wajen mita 1,500 sama da teku. Tsimin kuma ranar da aka tsinko 'ya'yan ake fara shi. Daga Gembu zuwa nan, ta Serti da Bali da Jalingo da Gombe da Kano, tafiyar kwana biyu ce, ɗanyun 'ya'ya ba za su iso da rai ba. Don haka cikin matakai 11 da ke ƙasa, na 3 zuwa na 9 can ake yin su, ko kai da kanka ko amintaccenka, daga ƙarshen damina zuwa cikin hunturu lokacin da 'ya'yan ke nuna. Biyun ƙarshe ne aikin gida.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mai nono idan ta dafa madara ta huce, ba ta barin ta ta yi tsami yadda ta ga dama, sai ta ɗiga ɗan kindirmon jiya a ciki. Haka nan ƙwayar gahawa: idan an ɓare ta, akwai yauƙi mai zaƙi da ke manne da ita, kuma dole ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye shi. Ko ka bar wa duk wanda iska da hannu da bokiti suka kawo, ko ka zuba naka zaɓaɓɓe da yawa tun da wuri ya riga su cin abincin.

1. Zaɓen irin da za ka zuba

Hanya uku ce a gabanka.

Ta farko, yistin da aka yi musamman don gahawa. Kamfanin Lallemand na Kanada yana da LALCAFÉ, Fermentis na Faransa yana da SafCoffee. Yawancinsu zaɓaɓɓun zuri'o'i ne na yistin da masana ke kira Saccharomyces cerevisiae, busassu cikin leda. Su ne suka fi ba da sakamako iri ɗaya yau da gobe, amma sai an yi odarsu daga waje, kuma da dala ake lissafinsu.

Ta biyu, yistin burodi da ke kowace kasuwa. Shi ma Saccharomyces cerevisiae ne, illa dai an zaɓe shi ne don tayar da ƙulli, ba don ƙamshi ba. Da shi na koyi aikin, da shi kuma nake ba mai farawa shawarar ya fara. Yana cire yauƙi da kyau, yana hana wari, kuma idan ka yi kuskure asarar ba ta da yawa.

Ta uku, ruwan tsimin da ya riga ya yi kyau, ka ɗiba ka zuba a sabo, kamar dai mai nono. Wannan sai wanda hannunsa ya faɗa, zan dawo kansa a mataki na 8.

Gargaɗi: kada ka zuba kindirmo ko yogot. Mutum uku suka tambaye ni wannan, kuma na fahimci dalilinsu. Ƙwayoyin yogot sukarin madara suka saba ci, kuma sun fi son zafin da ya haura digiri 40, alhali bokitinka a Mambila ko 25 da wuya ya kai. Abin da zai rage maka shi ne maiƙon madara yana ɓaci a jikin gahawa. Akwai ƙwayoyin tsami da ake amfani da su a gahawa, irin su Lactobacillus plantarum da Leuconostoc mesenteroides, amma na tsirrai ne, daban suke da na nono. Haka kuma hodar kek ba yisti ba ce, babu rai a cikinta.

Idan ka sayi yisti a nan, duba ranar ƙarewarsa, ka zaɓi ledar da take da tauri kamar bulo, alamar iska ba ta shiga ba. Kada ya kwana cikin but ɗin mota a rana. Wanda aka buɗe a ɗaure bakinsa tam, a ajiye wuri mai sanyi, a gama da shi cikin 'yan makonni.

2. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Don gwajin farko kilo 40 na 'ya'ya sun isa. Za ka buƙaci bokitin roba mai murfi na lita 20 guda biyu, sababbi; baho babba biyu; sikelin rataye na kilo; ƙaramin sikeli mai auna giram; ma'aunin zafi; takardar gwajin tsami wadda ake kira ta pH; ɗan siririn tiyo kamu biyu da gorar ruwa; raga ta shanya; littafi da biro.

Takardar pH a wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje ake samu, Kano ko Zariya. Ka nemi mai auna tsakanin 3 da 6. Mai auna 1 zuwa 14 ba za ta nuna maka bambancin 4.5 da 4.0 ba, kuma nan ne aikin yake.

Gargaɗi: bokiti ko duron da ya taɓa ɗaukar manja, kalanzir, fenti ko maganin feshi ya haramta a wannan aiki, ko sau nawa aka wanke shi. Gahawa tana shan wari kamar soso. Shekarata ta biyu na karɓi wani duro da aka ce ruwa kawai ake zubawa a ciki, ashe ya taɓa zama da man gas. Kilo 60 na 'ya'ya suka tafi haka nan, kuma sai da na kawo ta har Katsina na soya sannan warin ya bayyana. Guji ƙarfe ma, tsami yana cin sa.

Game da kuɗi, yisti ne mafi arha a cikin lissafin. Giram 1 ake zubawa a kowane kilo 1 na ɓararriyar gahawa, wato leda mai giram 500 za ta yi maka rabin tan. Inda kuɗi ke tafiya shi ne nan: kilo 5 zuwa 6 na 'ya'ya ne ke ba da kilo 1 na busasshiyar ƙwaya, suya kuma ta sake cinye kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Saboda haka duk farashin da ka biya kan kilo na 'ya'ya, ninka shi sau bakwai ka samu kuɗin kilo ɗaya na soyayya, kafin ka ɗora ladan masu tsinka, ruwa, buhu da kuɗin mota. Wanda bai yi wannan lissafi ba tun a gida, a kasuwa zai yi shi da ɓacin rai.

3. Tsinka da tacewa

A nan mutane suka fi faɗuwa, domin suna zaton yisti magani ne. Ba ya gyara ɗanyen ɗa, ba ya raya ruɓaɓɓe. Abin da ke cikin 'ya'yan shi yake fito da shi.

Ja wur kawai za a tsinko. Kore yana kawo bauri, wanda ya yi baƙi ko ya faɗi ƙasa yana kawo wari da fumfuna. Manoma da yawa sun saba zage reshe gaba ɗaya domin da mudu ko buhu ake biyan su, don haka idan kana son ja zalla sai ka ƙara musu lada, kuma ka faɗa tun kafin a shiga gona. Dattijon da nake sauka a gidansa yakan matse ɗa ɗaya tsakanin yatsu biyu: idan ƙwayoyi biyun suka sulɓo da sauƙi, ruwan ya ɗigo, ya lasa ya ji zaƙi, sai ya ce "wannan ta yi."

Zuba 'ya'yan a baho cike da ruwa mai tsabta, ka motsa. Duk wanda ya taso sama a kwashe shi gefe, ko fanko ne ko ƙwaro ya ci shi. Waɗanda suka nutse su ne naka. Baza su a tabarma mai tsabta a sake tsince kore da hannu.

Gargaɗi: kada 'ya'ya su kwana a buhu. Da sun yi awa shida zuwa takwas a ƙunshe sun fara zafi, tsimin da ba ka gayyata ba ya soma, kuma yistinka zai tarar an riga shi.

4. Ɓarewa da ware bokitin shaida

Ɓare a ranar. Idan akwai injin hannu, daidaita shi yadda ba zai ƙwarzane ƙwaya ba. Fasasshiyar ƙwaya ƙofa ce ga ɓaci. Idan babu, kilo 40 mutum huɗu za su matse shi da hannu cikin yammaci ɗaya. Kada a daka a turmi. Tsince ragowar jan ɓawon da ya biyo, amma kada ka wanke yauƙin, shi ne abincin yisti.

Za ka samu kilo 20 da 'yan kai. Gauraya su sosai sannan ka raba biyu daidai, kamar kilo 10 a kowane bokiti. Ɗaya za a zuba masa yisti. Ɗayan ba za a zuba masa komai ba, za a bar shi ya tsimu yadda aka saba. Shi nake kira bokitin shaida.

Ina roƙonka kada ka tsallake wannan. Mutum idan ya sha wahala a kan abu, harshensa yana son ya gaya masa ya yi daɗi. In babu shaida, ba za ka taɓa sanin ko yistin ne ya yi aiki ba, ko kuwa tsince jan da ka yi ne, ko yanayin shekarar. Akwai shekarar da shaida ta fi mai yistin daɗi a wurina, kuma ita ce ta nuna mini cewa na wuce lokaci.

5. Tayar da yisti

Busasshen yisti barci yake yi, kuma yadda ka tashe shi haka zai yi maka aiki. Auna giram 10. Auna ruwa ninki goma na nauyinsa, wato mililita 100, a kofi mai tsabta. Ruwan ya zama mai ɗumi kamar na wankan jariri, tsakanin digiri 30 da 37. Barbaɗa yistin a kai a hankali, kada ka juye shi dunƙule. Bar shi minti goma, motsa a hankali, ka sake barin sa har jimillar minti ashirin zuwa talatin. Zai narke ya yi kauri kamar koko, ƙamshin burodi ya tashi, sau da yawa da 'yar kumfa.

Gargaɗi: ruwan zafi yana kashe shi nan take. Sanyin Mambila da asuba yakan sa mutum ya ɗebo daga butar shayi, hannunsa da ya ƙandare ya ce masa ɗumi ne kawai. Sa ma'auni. Ruwan da aka zuba wa kulorin shi ma yana raunana shi. In shi kaɗai gare ka, tafasa shi ka bari ya huce. Ba a buƙatar sukari. Kuma kada narkakken yisti ya wuce minti 45 a kofi babu abinci.

Idan ruwan bokitin ya fi na kofin sanyi sosai, da tazarar da ta wuce digiri 10, ɗebo ɗan ruwan bokitin ka tsarma a kofin, jira minti biyar, sannan ka juye.

6. Zubawa da rufewa

Zuba ruwa mai tsabta a bokitan biyu, iya wanda zai rufe gahawar da kamar faɗin yatsa biyu. Ruwa mai yawa yana tsinka zaƙin. Juye yistin a bokiti ɗaya, ka sa hannu mai tsabta ko sabon muciya ka gauraya har ƙasa na minti biyu zuwa uku. Muciyar kada ta shiga bokitin shaida, in ba haka ba shaidar ta lalace.

Auna pH da zafi nan take ka rubuta tare da lokaci. Galibi za ka ga pH tsakanin 5.5 da 6.

Huda murfin, cusa bakin tiyo ɗaya a ciki ba tare da ya taɓa ruwan ba, liƙe gefen hujin, ɗaya bakin kuma ka nutsa shi cikin gorar da ke da rabin ruwa. Iskar da tsimi ke fitarwa za ta fita ta nan, ta waje ba za ta shiga ba, ƙuda ma haka. Ajiye bokitan a inuwa, a kan katako, ba a kan siminti mai sanyi ba. Da dare lulluɓe su da bargo ko buhunan algarara.

Gargaɗi: kada ka cika bokiti ya wuce kashi uku cikin huɗu, kuma kada ka toshe shi ba mafita. Gahawar tana kumbura, iska tana taruwa, murfi yana iya tashi da ƙarfi. Mai aiki da manyan durarruka ya ajiye su inda iska ke wucewa, ba ɗakin da ake kwana ba.

7. Gadi

Yanzu sai haƙuri da littafi. Duk bayan awa shida, buɗe da sauri, auna pH da zafi, shinshina, ka rufe. Daga awa 24 zuwa sama, mayar da shi duk awa uku, ko da tsakar dare ne.

Cikin awa shida zuwa goma sha biyu gorar za ta fara ɓul-ɓul. Ƙamshin farko na ƙullin burodi ne, daga baya ya juya kamar na ayaba ko abarba da ta nuna. pH zai riƙa sauka a hankali, wato tsami yana ƙaruwa. Zafin da na fi so shi ne 18 zuwa 25; in ya haura 30, tsoma bokitin a bahon ruwan sanyi. A irin sanyin tsaunin, mai yisti yakan ɗauki awa 24 zuwa 48. Amma agogo ba shi ne alƙali ba, domin daren da aka yi sanyi sosai aikin yana ja da baya.

Alamomin cewa ya yi guda uku ne, kuma ina son su haɗu. pH ya sauka tsakanin 4.5 da 4.0. Ƙamshin har yanzu na 'ya'yan itace ne. Sannan gwajin hannu: ɗebi cikin tafi, ɗauraye da ruwa, ka murza. Idan santsin ya tafi, ƙwayoyin suna ƙara kamar tsakuwa a hannu, yauƙi ya saki.

Gargaɗi: da ka ji warin binigar mai yaji a hanci, ko na albasa da ta lalace, ko pH ya gangara ƙasa da 3.8, ka wuce gona da iri. Wanke nan take, kada ka ce bari gari ya waye. Kwaɗayin ƙarin ƙamshi ne ke sa mutane ƙara awa goma, garin neman gira su rasa ido. Ƙwaya ɗaya da ta yi wannan wari tana iya ɓata tukunya guda.

Akwai tambayar da kusan kowa a Katsina yake yi mini, kuma tambaya ce da ta cancanta: shin ba giya ake yi ba? Gaskiya ne yisti idan ya ci sukari yana fitar da iska da ɗan barasa, kamar yadda yake yi a ƙullin burodi da na waina. A nan ruwan zubar da shi ake yi, a wanke ƙwaya, a shanya ta kwanaki, sannan a soya ta a zafin da ya kai wajen digiri 200, alhali barasa a digiri 78 take tafasa ta tashi. Ruwan tsimin ba na sha ba ne, kada a bari yara su taɓa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya kwatanta wa malaminsa aikin kamar yadda na bayyana shi, ya ji hukunci.

8. Tsayarwa da wanki

Tsiyaye ruwan, zuba sabo, murza da hannu, zubar. Sau uku. Ruwan ƙarshe ya fito garau, kuma duk abin da ya taso sama a kwashe. Wanke shaida daban idan nata lokacin ya yi, ba lallai su gama tare ba. Ruwan wankin yana da tsami ƙwarai. A haƙa masa rami nesa da rafi da rijiya, domin mutanen ƙasa da kai a wannan rafin suke sha.

Mai son hanya ta uku, nan ne zai ɗebi irinsa: kafin wanki, daga bokitin da ƙamshinsa ya yi kyau, tace ruwan da kyalle mai tsabta. Ni lita 1 nake zubawa a kilo 10, kuma a ranar ko washegari da safe. Kada ka juya shi fiye da sau biyu ko uku, domin kowane juyi baƙi suna ƙaruwa a ciki. Koma ga sabon yisti.

9. Shanya

Abin da ka gina cikin awa 40, shanya mara kyau tana rushe shi cikin dare ɗaya. Ba a ƙasa ba, ba a gefen kwalta ba, ba a kan kwanon rufi ba. A kafa gadon shanya: raga a kan firam na katako, tsayin ƙugu, iska na ratsawa ta ƙasa.

Ranar farko baza siriri sosai don ruwan jiki ya tafi da sauri. Daga nan kauri kamar santimita 2 zuwa 3, ana juyawa duk awa ɗaya ko biyu. Da tsakar rana a yi mata inuwa, kada zafin ƙwayar ya wuce digiri 40, in ba haka ba siririn kwanson da ke lulluɓe da ƙwayar yana tsagewa. Da yamma a tattara a rufe saboda raɓa da hazon tsauni. Kwana 8 zuwa 15 aikin ke ci. Kowane kaso da takardarsa a jiki, kada mai yisti da shaida su cakuɗe.

Ana son danshin ya tsaya tsakanin kashi 10 da 12 cikin 100. Na'urar awon danshi tana da tsada, amma akwai dabarar da cibiyar binciken gahawa ta Kolombiya, Cenicafé, ta fito da ita, kuma ƙaramin sikelinka ya isa. Da an gama wanki ruwa ya tsane, auna giram 200 cif, zuba a ɗan kwandon raga, ajiye shi a tsakiyar gadon ana juya shi tare da sauran. Riƙa auna shi kullum. Ranar da ya dawo giram 104 zuwa 105, ta bushe. Ƙara da gwajin haƙori: ɓare ɗaya ka ciza, in haƙori ya nutse kamar a ɗanyar gyaɗa, da saura.

Gargaɗi: gahawar da aka ɗaure da danshi tana yin fumfuna, kuma wasu nau'o'in fumfunar da ake kira Aspergillus suna barin guba mai suna okaratoksin wadda ke taɓa ƙoda. Suya ba ta kawar da ita duka. Mai fumfuna zubarwa ake yi, ba a sayar wa bayin Allah.

10. Kawowa Katsina da ajiya

Ka taho da ita cikin kwansonta, shi ne rigarta. Abin da na samu ya fi dacewa shi ne buhun PICS da muke ajiye wake a ciki, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Sabo fil, ba wanda wake ko magani ya taɓa shiga ba. Matse iskar, ɗaure kowace leda daban. A mota kada a ɗora ta kusa da jarkar mai, kifi, albasa ko daddawa. Ka tsaya da kanka a ga inda yaran mota suka sa ta.

Matsalar Mambila danshi ce, tamu a nan akasin haka. Iskar hunturun Katsina tana tsotse ruwa daga komai. Idan ka bar buhu a buɗe, cikin kwanaki danshin zai faɗi ƙasa da kashi 9, launin ya koɗe, ƙwaya ta riƙa karyewa wajen ɓarewa, ɗanɗanon ya koma na itace. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi yana haura digiri 40. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi shagon kwano nesa ba kusa ba. Ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, nesa da turare da kayan yaji.

Bar ta ta huta mako huɗu zuwa takwas kafin ka yanke mata hukunci. Sabuwar shanya tana da ɗanɗanon ɗanyar ciyawa wanda ke tafiya da kansa. Ɓare iya abin da za ka soya kawai, ka bakace a faifai, ka tsince baƙaƙe da fasassu da masu huji.

11. Suya da ɗanɗanawa

Soya giram 100 daga kowane kaso, a kasko ɗaya, wuta ɗaya, lokaci ɗaya, kana juyawa ba tsayawa. Za ka ji ƙwayoyin sun fara fashewa kamar gugguru. Bayan haka da minti ɗaya zuwa biyu ka sauke, ka juye a faifai ka fifita ta huce da sauri. Launin ya zama ruwan ƙasa, ba baƙi mai maiƙo ba. Baƙar suya tana binne duk bambancin da ka sha wahala a kansa, ko'ina ɗaci za ka ji. Bar ta ta kwana.

Ma'aunin masu ɗanɗanar gahawa shi ne giram 8.25 na niƙaƙƙiya a ruwa mililita 150 mai zafin digiri 93, wato tafasasshen da ya ɗan sarara. Yi amfani da ruwan da ba shi da gishiri-gishiri, domin wasu rijiyoyin burtsatse na gari suna da nauyi a baki. Zuba ruwan, jira minti huɗu, kore abin da ya taso da cokali kana shinshinawa, kwashe kumfar, ka jira ya ɗan huce sannan ka kurɓa da cokali. Babu sukari, babu madara, babu citta ko kanumfari, kuma kada a ci goro kafin a zauna.

Kofi uku za a jera: biyu daga kaso ɗaya, ɗaya daga ɗayan. Wani ne zai zuba ya sa alama a ƙarƙashin kofunan ba ka gani ba. Ni ƙanena ke yi mini, na kan kira abokai uku ko huɗu bayan la'asar, kowa ya nuna kofin da ya fita daban ba tare da ya ji na wani ba. Idan yawancinku ba ku gano shi ba, yistin bai canza komai ba a wannan karo. Idan kun gano, sai tambaya ta biyu: wanne ya fi? Abin da ake nema shi ne tsabtar ɗanɗano, zaƙin da ke zama a harshe bayan an haɗiye, da tsami mai daɗi irin na lemo. Sake kurɓa idan ya yi sanyi, a nan ne aibi ke fitowa fili.

Koma littafinka ka rubuta sakamakon a gefen awoyi da pH na wannan bokitin. Idan ka ji ƙamshin burodi ya yi yawa, rage yistin zuwa rabin giram a kilo. Idan ka ji binigar, rage awa shida. Idan babu bambanci da shaida, ƙara awa shida ko ka lulluɓe bokitin da kyau don ɗumi. Abu ɗaya za ka canza a zubi na gaba, sauran duka su zauna yadda suke, kuma bokitin shaida yana nan a gefe.